Shekarar da Na So in Kai Shara Kan Rijiyarmu

Bari in fara da abin da zai ɓata muku rai, ku ƴaƴana da jikokina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na ji yadda kuke ba da shi a wajen suna da biki, wai ubanku ne ya ceci rijiyar garinmu a shekarun fari, har Sa'adu yana ƙara masa gishiri, yana cewa na tsaya gaban manya na buga tebur. Ban buga tebur ba. A lokacin ni mai goge tebur ne. Rijiya kam an cece ta, kuma da hannuna a ciki, ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba. Amma kafin a cece ta sai da wani ya kai ta bakin halaka, mutumin nan kuwa shi ne yake riƙe da bik ɗin da ke rubuta muku wannan.

Ina falanto ne, wato masinja, a wani biro, ofis ke nan, cikin Damagaram, ba sai na faɗi sunansa ba. Ni ke kai takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan, ni ke shara, ni ke cewa baƙo "Mushe yana zuwa" ko da ban san inda Mushe yake ba (haka muke kiran manya da Faransanci). Shekara uku na yi a lekol, makarantar boko, kafin ubana ya gano awakinsa sun fi bukatata, amma shekara ukun nan na ci moriyarsu fiye da wanda ya yi ashirin. A ƙauyenmu, can wajen hanyar Hamdara, duk wanda takarda ta zo masa ni yake jira in dawo ranar Juma'a in karanta. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in cike da hankalina, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba.

Shekara ta uku ke nan damina tana zuwa ta leƙa ta koma. Kun sha jin labarin gero da ya tsaya iya gwiwa ya bushe, da shanun da suka kwanta ba su tashi ba. Abin da ba a ba ku labari ba shi ne shara. Da can sharar Damagaram ba ta daɗewa a juji. Manoman kewaye ne ke zuwa da jakuna da mangala su kwashe toka da ƙaiƙayi da kashin awaki su kai gona, har faɗa ake yi a kan juji mai kyau. Da fari ya kashe jakunan, waɗanda suka rage kuma aka sayar wa fataken Kano, sai aka rasa mai kwasa, ga mutanen karkara sun cika gari maƙil. Juji ya tashi ya fi katanga tsawo. Sai ga wani furoje na taimako ya zo da kamiyo biyu sababbi, manyan motocin kaya, za su riƙa kwashe sharar gari, abin da ya rage kawai a samu inda za a zuba. Ana cikin wannan shawara ni kuma aka aiko ni in shigo da ruwan sha. Maimakon in ajiye in fita, sai na buɗe baki.

"Mushe, ni na san wuri."

Wurin shi ne Kwarin Gawo, wani babban rami a gabashin ƙauyenmu, inda kakanninmu suka riƙa ɗibar ƙasar gini. Ya bushe ƙayau, ƙasansa ya tsattsage, ga hanyar mota har bakinsa. Aka je aka gani, aka ce madalla. Shugaban biro ya dafa kafaɗata ya ce in abin ya tabbata ni ne gardin wurin, wato mai gadi, da littafin rubuta shigar kamiyo, da kaskat. Ku yaran yanzu ba ku san kaskat ba. Hula ce mai baƙin baki yana ƙyalli, in mutum ya sa ta ko limami sai ya gyara zama. Na fi wata ina gwada yadda zan riƙa taɓa bakinta in ana gaishe ni. Mutanen ƙauye kuwa murnarsu ta fi tawa, don a wurinsu shara taki ce, ga ta za a kawo har ƙofar gona ba jaki ba mangala. Maigari ya tara dattawa ya sa mini albarka.

"Isufu," in ji shi, "ashe lekol ɗin nan taka za ta yi rana."

Sai dai masu ba da kamiyon sun sa sharaɗi: ba a zuba ko kwando ɗaya sai wani masani ya zo ya duba abin da sharar za ta yi wa ruwa da dabbobi da mutanen wurin, ya rubuta, ya sa hannu. Masanin da aka aiko daga Yamai shi ne Mushe Hamani, wani siririn Bazabarme mai tabarau, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin goro ba. Aka ce wa zai yi masa tafinta? Aka ce ai ga ɗan gari. Kun ga an ba ni in tsare ƙofar da ni nake son in shige.

Mutumin nan ya fi kowa tambaya a cikin waɗanda na sani, har da uwarku. Daga ina iska take busowa da rani, daga ina da damina? Ina garke yake bi in za shi kiwo? Yara suna wasa a ramin? Ya ɗauki ƙasa ya murza, ya sansana, ya zuba a ƴar jaka. Ya auna daga bakin kwarin zuwa rijiyar gari da ƙafarsa, taku ɗari uku da ƴan kai. Rijiyar nan ita kaɗai ce ba ta ƙafe ba a duk yankin, ƙauye huɗu ke sha a cikinta, Fulani ma daga nesa suke zuwa su yi layi. Ya daɗe yana leƙenta. Sa'an nan muka zauna gindin gawo da dattawa, ya ce in tambaye su ko ruwa yana kwanciya a kwarin. Malam Ɗan'azumi, wanda ya fi kowa tsufa, ya gyara murya.

"Gaya masa rabonmu da ganin ruwa a nan shekara uku. Amma da can, in damina ta yi kyau, har yaro yakan nutse."

Na juya na dubi Mushe Hamani, na ga kaskat tana lilo a sararin sama tsakanina da shi.

"Jame, Mushe," na ce. Wato ko sau ɗaya, tun da aka kafa duniya.

Ya sauke tabarau. "Tsohon ya yi dogon zance, kai kalma ɗaya?"

"Hausar Damagaram haka take, Mushe. Tsawo ne da ita, ba nauyi."

Ya rubuta. Ya ce su wa ke jan ruwa a rijiyar? Aka ce mata ne. Ya ce yana son ya ji ta bakinsu. Maigari ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambayar banza, ya ce in gaya wa baƙo abin da maza suka faɗa shi ne abin da mata suka faɗa. Wannan kam na fassara shi daidai, ban rage ko harafi ba.

Da la'asar na shiga gida ina taƙama. Uwarku Habsu tana tankaɗe ƴar dusar da muke haɗawa da gari a shekarun nan. In tana son ta girmama ni Malam take ce mini, in tana son ta yanka ni kuma sai ta ce Mushe.

"Sannu da aiki, Mushe. An ce kun gama da baƙon."

"Mun gama. Saura sa hannu."

"Ya tambayi rijiya?"

"Me ya haɗa rijiya da rami? Taku ɗari uku ne tsakaninsu, a gabana aka auna."

Ta ajiye rariya. Ta leƙa ta tabbata ba kowa a zaure, sa'an nan ta gaya mini abin da matan garinmu suka riƙe a cikinsu fiye da shekara ashirin. Ubanta, marigayi Baba Mato, marini ne, baƙo daga wajen Garagumsa, kuma karofinsa a gefen Kwarin Gawo yake. Wata shekara, tana ƴar yarinya, ya kwashe tsohon ruwan baba daga ramukansa duka ya zubar a cikin kwarin, ana gobe ruwan farko zai sauka. Bayan kwana shida guga ya fara fitowa da ruwa mai shuɗi-shuɗi, yana ɗacin toka. Matan suka gane daga inda ya fito tun a ranar. Suka tsaya a bakin rijiya suka yi shawara: in maza suka ji, za a kori marini daga gari, matarsa kuwa ita ce mai kitson kowa. Wace ce za ta yarda a kori mai yi mata kitso? Suka rantse ba mai faɗa. Kwana tara ana tuƙa tuwo da wannan ruwa, ana dama fura da shi.

"Maza ba su gani ba?" na ce.

"Maigari na lokacin ya ce geron bana akwai ƙarfi."

Na yi dariya, sa'an nan dariyar ta yanke. Na ce mata wannan ai ruwan baba ne, shara kuwa taki ce, kakanninmu da ita suka yi noma.

"Ka taɓa sa hannunka a cikin wadda za a kawo?" in ji ta. "Je ka sa, Malam. In ka dawo ka ce za ka sha romonta, ni ma zan sha, in ba ƴaƴanka."

Washegari da hantsi na ɗauki tsohon daro na tafi jujin bayan kasuwa, ina cewa a raina zan kawo mata toka da kashin awaki in rufe mata baki. Na cika daron na zazzage a ƙasa na tona da kara. Tokar tana nan, gaskiya. Amma ga matattun pil, wato batiran rediyo, sun fashe suna zubar da baƙin ruwa, ga gwangwanaye masu tsatsa, ga tsumma sharkaf da baƙin man mota, ga guntayen fata masu warin jima, ga fasassun kwalaben magani. Can gefe kuma ga mushen tumaki biyu da fari ya kashe, an jefar. Wannan ba sharar da ubana ya sani ba ce. Gari ya canja abin da yake zubarwa, mu kuma muna nan muna kiransa taki. Na tsaya ina kallon baƙin ruwan pil yana bin ƙasa, ina lissafin kwana shida. Babbar yayarku Zinaru a lokacin ba ta daɗe da yaye ba, kuma ruwan rijiyar nan take sha.

Ba zan ce muku daga nan na ruga wurin Mushe Hamani ba. Kwana biyu na yi ina kewaya gaskiya, ina neman hanyar da zan bi in tsira da rijiya in tsira da hula. Babu. Rana ta uku na same shi a masaukinsa yana ɗaure takardu, motar Yamai za ta tashi da azahar.

"Mushe, akwai ƴar gyara a cikin fassarata."

"Wace kalma?"

"Jame ɗin nan. Ta ɗan yi yawa."

Ya zauna. Na faɗi duka, da Faransancin da nake da shi, inda ya ƙare na ci gaba da hannu. Na jira ya zage ni. Bai zage ni ba, sai ya kwance takardun, ya ce zai iya jin wannan daga bakin matan? Nan ne abin ya fi nauyi, don ba ni zan biya ba, uwarku ce. Sunan ubanta za a tona bayan yana kabari, da rantsuwar iyayenta mata. Na koma na gaya mata.

"Baba ya zubar bai sani ba," ta ce. "Mu in muka yi shiru, da saninmu muka zubar. Kawo shi bakin rijiya da safe, ba sai an nemi izinin kowa ba, can ai wurinmu ne."

Tsofaffi biyar suka ba da shaida, suna katse juna, suna gardama a kan ko kwana tara ne ko goma. Inna Gambo, wadda ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ta nuna ni da sanda ta ce wa Mushe Hamani ya rubuta da kyau, kuma ya sa ido a kan tafintansa. Ita ma na fassara ta daidai. Shi kuwa ya ce dutsen da ke ƙarƙashin ƙasarmu mai yiwuwa yana da tsaga, ruwa ya bi ta ciki kamar yadda yake bin indararo. Amma manya ba za su soke wuri saboda labarin tuwo ba, sai an gwada. Ya fito da wani gwangwani mai jan gari a ciki, ya ce in ya jiƙa kore yake zama, ba ya cutar da mutum ko dabba. Muka binne shi a inda kwarin ya fi zurfi, Maigari yana kallo fuska a murtuke. Sa'an nan Mushe Hamani ya miƙo mini kwalba goma sha biyu da kaye sabo, wato littafin rubutu.

"Ranar da ruwa ya sauka, ka fara. Kullum da safe kwalba ɗaya daga gugan farko. Ka rubuta rana, ka rubuta abin da idonka ya gani. Abin da idonka ya gani, Isufu, ba abin da kake so ba."

A duk daminar nan ruwan kirki sau ɗaya aka yi, kuma shi ne wannan. Ya sauka da rana tsaka, kwarin ya tara ruwa iya idon sawu, kore shar kamar an matse ganyen rama, kafin kwana biyu ƙasa ta shanye. Na roƙi hutu a biro na tare a bakin rijiya. Kayen yana nan a cikin akwatina, ku duba bayan raina, za ku ga rubutun ubanku: rana ta ɗaya, fari. Ta biyu, fari. Ta uku, fari, kuma mutane sun fara yi mini dariya. Ta huɗu Maigari ya aiko a tambaye ni ko kwalaben na sayarwa ne. Ta biyar ni kaina na fara jin daɗi, ina cewa wataƙila hula tana nan. Rana ta shida uwarku ce ta ja gugan farko. Ta juye a farar ƙwarya, ta ɗaga wajen rana, ta miƙo mini.

Kafin in gama rubuta kalmar, gari ya taru. Ku tuna shekarar fari ce, rijiya ɗaya ce ta rage wa ƙauye huɗu, ga ta ta yi kore. Wani ya ce na sa guba. Wani Bafulatani ya riga ya zare sanda. Na ce musu ba ya cutarwa, Mushe ya faɗa a gabanku.

"Mushe yana Yamai," in ji Maigari. "Kai kana nan. Sha."

Na karɓi ƙwaryar, cike take. Na yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, har da Mala'iku, na kafa kai ban sauke ba sai da na ga gindinta. Aka zaunar da ni a inuwa aka kewaye ni ana jiran in mutu. Har azahar ban mutu ba, sai mutane suka gaji suka watse, wasu da alamar an ɓata musu lokaci. A duk rayuwata ban yi abin da nake alfahari da shi kamar shan wannan ƙwarya ba.

Ni na kai kwalaben Damagaram a cikin kwando, na jera su a kan teburin da na saba gogewa. Mushe Hamani ya dawo ya rubuta rahotonsa, kuma ya liƙa shafin kayena a ciki, da kurakuransa duka. Aka soke Kwarin Gawo. Aka kai jujin wani tudu mai ƙasar yumɓu, nesa da kowace rijiya, inda iska ke kwashe wari ta yi daji da shi. Ya kuma rubuta a riƙa ware toka da kashin dabbobi a bar wa manoma, ko da yake wannan sai da aka daɗe kafin a fara. Kaskat wani mutumin can ya samu, wani mai ƙaramin kai, har kunnuwansa take rufewa. Ni na ci gaba da kai takardu har na yi ritaya. Maigari ya shekara biyu in na gaishe shi sai ya amsa wa bango, mutane suna cewa na kore musu taki a shekarar yunwa, yara suna bi na da Mai Koren Ruwa. Uwarku ma ta sha nata, don akwai dangin da suka daina shiga ɗakinta saboda ta tona asirin uba. Da damina ta dawo, Kwarin Gawo ya cika har baki, aka ga inda shara za ta kwanta da an zuba, sai aka daina maganar. Ba wanda ya zo ya ce Isufu ka yi daidai. A garinmu in an daina zaginka, to, an gode ke nan.

Rijiyar tana nan, duk kun sha ta, ba wanda ya fito da wata illa in ban da taurin kai, shi kuwa ba daga ruwa kuka samo shi ba. Shekaranjiya da na kawo nan a rubutu, na kira uwarku ta zauna na karanta mata tun daga farko. Da na gama na cire tabarau, na ce mata duk da haka a yi mini adalci: mutum mai shekara uku a lekol ya gano abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, abin da masu manyan takardu suka zo suka wuce ba su gani ba, wannan ai ido ne Allah ya ba ni. Ta ci gaba da tsinke zogalenta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Abin da ta ce, yau kwana biyu ina neman amsarsa:

"Ido, Mushe? Kwana tara kana cin shuɗin tuwo a ɗakin uwarka, har kana kukan a ƙara maka. Sai da aka ɗauko Bazabarme tun daga Yamai ya rina maka shi kore sa'an nan ka gani."